Tafasa a Bakin Nilu: Darasi Daga Ƙauyukan Hausawan Suki

Zancenmu na yau kan wani ganye ne wanda duk Bahaushen da ya tashi a karkara ya san shi, ko da kuwa bai taɓa sa shi a baki ba, wato tafasa. Da zarar damina ta zauna sai ka ga ta lulluɓe bakin hanya da kufai da bayan gari da tsohon mashekarin shanu, ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya yi mata noma. Manomi ciyawa ya ɗauke ta, makiyayi ya san dabbobinsa ba su cika kula ta ba muddin tana ɗanya, 'yan birni kuwa da yawansu sun sa ta cikin jerin abincin da mutum ke jin kunyar a gani a kwanonsa.

To amma gabas da mu, can ƙasar Sudan, akwai 'yan uwanmu Hausawa da suka fi shekara ɗari suna zaune a bakin kogin Nilu, cikin mutanen da suka mai da wannan ganye abin ajiya, har yakan maye gurbin nama a tukunyar miya. Mu mun iya dafa tafasa tana ɗanya, su can an iya adana ta har ta ratsa rani. Abin da ya auka wa garin Suki da maƙwabtansa a shekarar 2024 ya isa ya sa kowane magidanci ya sake auna darajar irin wannan sani, domin Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ina ne Suki?

Suki gari ne a jihar Sannar, a gaɓar gabas ta Shuɗin Nilu, wato reshen kogin da ke gangarowa daga duwatsun Habasha ya haɗu da Farin Nilu a birnin Hartum. Ƙasar da ke tsakanin rassan nan biyu ita ake kira Jazira. Zaman Hausawa da Fulani a wannan yanki ya samo asali ne daga hanyar hajji. Tun kafin zuwan mota da jirgi, maniyyata kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram a ƙasa, su ratsa Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, suna tafiya suna yada zango, suna noma ko ƙwadago don neman guzuri, har su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar kan ci shekaru, wasu kuma inda suka yada zango nan ya zama gida.

Babbar ƙaura ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda sojojin Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'a, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sannar, a garin da har yau ake kira da sunansa, Mai Wurno. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925 aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, sai neman ma'aikata ya jawo ƙarin dubban mutane daga yamma. A farkon shekarun 1970 kuma aka buɗe aikin noman ban-ruwa na Suki, inda injuna ke ɗaga ruwa daga kogi, ana noma auduga da gyaɗa da dawa. Ta haka ƙauyuka da unguwannin Hausawa suka jeru a bakin kogi da gefen magudanan ruwa, wasu na noma, wasu na su, wasu na lambu, wasu na kasuwanci. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Hartum ya wallafa littafi a 1999 kan yadda Hausar mutanen nan ta cuɗanya da Larabci.

Cuɗanyar ta wuce harshe, ta shiga har madafa. Duk wanda ya san Hartum ko Wad Madani ya san agashe, tsiren da Hausawa suka kai can har sunansa ya zauna a bakin Larabawa. Su kuma baƙin suka koyi cin kisra, wata siririyar waina ta ƙullun dawa mai tsami, suka tarar ana ce wa tuwo asida, ana ce wa miya mulah, garin busasshiyar kuɓewa kuma weka. Cikin abubuwan da suka tarar har da kawal.

Mu san ganyen tukuna

Masana tsirrai na kiran tafasa Senna obtusifolia, a tsofaffin littattafai kuma za a ga Cassia obtusifolia. Tsiro ne na damina ɗaya, yakan kai ƙugu ko ƙirjin mutum idan ya sami ƙasa mai kyau. Kowane reshen ganye yana ɗauke da 'yan ganyaye shida, biyu-biyu suna fuskantar juna, kawunansu a zagaye kamar ƙwai, biyun da ke can ƙarshe su ne manya. Furenta ruwan ɗorawa ne, kwanson 'ya'yanta kuma dogo ne siriri, a lanƙwashe kamar lauje. Wata alama da yara ke sha'awa ita ce, da magariba ganyayen kan haɗe su rufe, sai gari ya waye su buɗe.

Tsiron ya bazu a duk ƙasashe masu zafi, kowace al'umma da yadda take kallon sa. A kudancin Amurka manoman waken suya da gyaɗa da auduga kuɗi suke kashewa wajen yaƙi da shi. A Indiya sayen 'ya'yansa ake yi, a kai masana'anta a fitar da wani ƙaro da ake sa wa abinci don ya yi kauri, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi da lamba E427. A Sin da Koriya kuwa soya 'ya'yan ake yi a dafa kamar shayi.

A ƙasar Hausa kwaɗo aka fi yi da ita. A tsinko ganye masu taushi, a dafa, a tsiyaye ruwan, a matse, sannan a zuba dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da barkono da gishiri da ɗan mai. Wasu kan sa ta a dambu ko fate, wasu su shanya su ajiye a buhu. Har gobe ana tallan kwaɗon tafasa a ƙauyukan Maraɗi da Katsina da Damagaram, kuma shi ne yakan riƙe cikin masu aikin gona a tsakiyar damina, lokacin da hatsin bara ya yi ƙasa.

Yadda ake yin kawal

Kawal sunan tsiron ne a Larabcin Sudan da Chadi, kuma sunan abin da ake sarrafawa daga gare shi ne. Gidansa na asali Darfur ne da Kurdufan da gabashin Chadi, wato daidai ƙasashen da alhazanmu suka ratsa, daga can ne kuma ya bi mutanen yamma zuwa Jazira da Hartum da Gadarif. Wani malamin Jami'ar Hartum, Farfesa Hamid Dirar, ya bi diddigin yadda mata ke yin sa, ya buga sakamakon a wata mujallar kimiyya a 1984, sannan a 1993 ya wallafa babban littafi kan ire-iren abincin gargajiya na Sudan da ake tsimawa. Ga yadda aikin yake a taƙaice.

Ana ɗebo ganyen ne wajen ƙarshen damina, lokacin da tsiron ya yi fure ya fara 'ya'ya. A tsince shi tsaf, a fid da fure da kwanso da kara da duk ganyen da ƙwari suka ci. Sai a kirɓa shi a turmi har ya yi laushi ya haɗe. A zuba a randa ko tulu na ƙasa, a danna sosai, a rufe samansa da ɗanyen ganyen dawa, a ɗora duwatsu masu tsabta, a rufe bakin a liƙe da laka. Ita kuma randar a binne take a rami cikin inuwa, wuyanta kaɗai ke waje, don kada zafin rana ya ɓata abin da ke ciki. Duk bayan kwana uku sai a buɗe, a kwashe ganyen dawan da ya yi yaushi, a cuɗa kirɓaɓɓen ganyen da hannu, a sa sabon ganyen dawa a sake liƙewa. Cikin mako biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi danƙo, ya ɗauki wari mai ƙarfi. Daga nan a cura shi ƙanana-ƙanana, a shanya a rana har ya bushe ƙamas. Idan ya bushe yakan yi watanni masu yawa bai lalace ba. Ranar da za a yi miya sai a daka kaɗan, a haɗa da albasa da mai da barkono da garin kuɓewa, a ci da tuwon dawa ko na gero.

Uwargidan da ta karanta wannan bayani za ta ce ai wannan daddawa ce, kuma ba ta yi kuskure ba. Ƙwayar halittar da ta fi yin aiki a cikin randar kawal, wadda masana ke kira Bacillus subtilis, ita ce dai ke nunar da daddawar kalwa. Bambancin kawai shi ne mu da 'ya'yan itace muke yi, su kuma da ganye. Kai, har daddawar batso da muke yi da 'ya'yan yakuwa suna da irinta a Darfur, suna ce mata furundu. Ashe hikimar ɗaya ce daga bakin kogin Kwara har bakin Nilu: iyayenmu mata sun gano yadda za a ɗauki abin da ba ya ajiyuwa, ko wanda ba ya ciyuwa, a mai da shi abin da zai sa tuwo ya wuce ranar da babu nama.

Me ke cikinsa?

Binciken Dirar da na waɗanda suka biyo bayansa ya nuna cewa kimanin kashi 20 cikin 100 na busasshen kawal, ko fiye da haka kaɗan, furotin ne, wato sinadarin gina jiki da ake nema a nama da wake da ƙwai. Yana kuma da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da haƙori. Ɗanyen ganyen kuwa, kamar sauran ganyaye masu duhun kore irin su zogale da lalo, yana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi ya kuma raunana yaro gaban ƙyanda da gudawa. Akwai kuma sinadarin ƙarfe da jiki ke yin jini da shi, abin da masu juna biyu da masu shayarwa ke yawan ƙaranci.

A nan akwai 'yan dabaru da ya kamata a sani. Jiki ba ya iya tsotse bitamin A daga ganye yadda ya kamata sai da maiƙo, don haka ƙuli-ƙuli da man da ake zuba wa kwaɗo suna da aiki bayan na ɗanɗano. Ɗan ruwan lemon tsami ko ɗanyen tumatir yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe, shayi mai kauri kuwa idan aka sha shi a kan abinci yana hana shi. Wannan ya shafi 'yan uwanmu na Sudan da mu kanmu, domin duk mun saba da ɗora buta da zarar an janye kwano. A ba da tazarar awa guda ya fi. Haka nan ganyen da za a ajiye a matsayin ganye, a shanya shi a inuwa inda iska ke ratsawa, domin rana mai zafi tana kashe korensa tare da amfanin da ke cikinsa.

Sai dai kada a ɗora wa ganye kayan da ba zai iya ɗauka ba. Kawal kaɗan ake sawa a miya, tafasa kuma ba ta ba da ƙarfin da hatsi ke bayarwa. Mahaɗi ne ga tuwo, ba su maye gurbinsa. Yaron da ya rame har fatarsa ta saki, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, asibiti za a kai shi ba tare da jinkiri ba.

Ranar da kasuwa ta rufe

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da rundunar RSF ranar 15 ga Afrilu 2023 ya raba mutum sama da miliyan 10 da gidajensu. A Disamba 2023 RSF ta kama Wad Madani, babban birnin Jazira. A ƙarshen Yuni 2024 ta shiga Sinja, hedkwatar jihar Sannar, a watan Yuli kuma ta kama Suki. Sojoji sun karɓe Suki a Oktoba 2024, Sinja a Nuwamba, Wad Madani kuma a Janairu 2025. Mai karatu ya lura da watannin da Suki ta yi cikin wannan hali: daga Yuli zuwa Oktoba, wato damina sukutum, lokacin da rumbun bara ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, baƙar lakar yankin kuma ta yanke hanyoyi. A garuruwa da dama na Sannar da Jazira an wawashe shaguna da rumbuna da dabbobi, kasuwanni suka tsaya, dubban iyalai suka fita a ƙasa da abin da za su iya ɗauka a ka.

A Agusta 2024 masana suka tabbatar da cewa yunwa ta kai matakin ƙarshe a sansanin Zamzam da ke kusa da Al-Fashir. Rahotanni daga Darfur da Kurdufan ta Kudu sun yi ta nuna iyalai suna dafa ganyen itatuwa da na daji don yara su sami abin sawa a ciki. A birane kuwa takiyya, wato tukunyar unguwa da masu sa kai ke dafawa don kowa ya ci, ita ta riƙe rayuka masu yawa.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. Har yau 'yan Sudan na tuna yunwar da suke kira Sanat Sitta, ta 1888 zuwa 1889. A farin 1984 zuwa 1985 mutanen Darfur da Kurdufan sun rayu da 'ya'yan wani itace da suke kira mukhet, wanda shi ne anza a wurinmu. Wani Bature mai bincike, Alex de Waal, wanda ya yi aiki a Darfur a lokacin, ya nuna a littafinsa na 1989 cewa sanin abincin daji yana cikin manyan dalilan da suka sa mutane suka tsira fiye da yadda hukumomin agaji suka zata. Mu ma muna da namu tarihin, daga Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 har ƙarancin abinci na 2005 a Maraɗi da Damagaram da Tawa, inda aka sake komawa ga anza da ganyaye.

Abin lura shi ne, anza ba ta ciyuwa sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Tafasa ba ta zama kawal sai a hannun wadda ta san ranar buɗe randa. Mai ɗauke da bindiga na iya kwashe buhun dawa ya kora akuya, amma ba ya iya kwashe abin da ke cikin kan tsohuwa. Hanya ɗaya ce ake rasa wannan dukiya: idan tsohuwar ta rasu ba ta koya wa kowa ba, saboda 'ya'yanta da jikokinta sun ɗauka abin ƙauyanci ne.

Hattara da abubuwa huɗu

Na farko, a bambanta tafasa da 'yar uwarta rai-ɗore, wadda masana ke kira Senna occidentalis. Sukan tsiro wuri ɗaya, furensu kuma launi ɗaya ne. Amma ganyayen rai-ɗore sun fi yawa a reshe, sau da yawa takwas ko goma, kawunansu masu tsini ne, idan aka murza su sukan yi wari mai hawa kai, kwansonta kuma ya fi faɗi. Ɗanyun 'ya'yanta guba ne. A yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya an yi shekaru yara suna mutuwa duk kaka da wata cuta mai kama hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa, har likitoci suka nuna a 2007 cewa cin 'ya'yan wannan tsiro ne sanadi. Ɗanyun 'ya'yan tafasa su ma ba na ci ba ne, sukan cutar da kaji da dabbobi idan suka gauraya da abincinsu da yawa. A hana yara wasa da su a baki.

Na biyu, tafasa dangin filasko ce, wanda kowa ya san aikinsa a ciki. Ganyen da ya tsufa yakan saki ciki idan aka ci da yawa. Don kwaɗo a zaɓi masu taushi na sama, a dafa sosai, a zubar da ruwan farko. Sunanta ma ya isa tuni: a tafasa ta tukuna.

Na uku, a kula da inda ake tsinka. Tun tsakiyar shekarun 1940 ake fesa wa audugar Jazira maganin ƙwari, daga baya har da jirgin sama, mu ma a nan feshin kashe ciyawa ya shiga kusan kowace gona. Ganyen da ke cikin gonar da aka yi wa feshi, ko a gefenta, ko a bakin kwata da juji da babban titi, a bar shi. Magudanan ruwan Jazira kuma sun shahara da tsargiya, kamar yadda tafkunanmu da fadamunmu suke, don haka yaran da aka aika tsinko ganye kada su shiga ruwa.

Na huɗu ya fi shafar wuraren da aka yi yaƙi. Harsasai da bama-baman da ba su fashe ba sukan ɓuya cikin ciyawar damina, a kufai da bakin hanya, wato daidai inda tafasa ta fi son tsirowa. Masu dangi a Suki da Sinja da Dindir da ƙauyukan Jazira su riƙa tuna musu, idan sun yi waya, cewa duk ƙarfen da yaro bai san shi ba kada ya taɓa, ya koma ya gaya wa manya.

Daga ina rainin ya fito?

A Sudan ma kawal bai tsira daga gori ba. Warinsa kan manne a yatsu ko an wanke hannu, masu hali na birni kuma sun daɗe suna ɗaukar sa abincin talakawa da mutanen yamma. Haka mu ma, yarinyar da ta yi makaranta takan ji nauyin a ce ta iya kwaɗon tafasa, amarya kuma takan ga kamar sa daddawa a miya ci baya ne, sai dunƙulen magi. Ba mu ce dunƙule haramun ne ba, amma gishiri ne mafi yawan abin da ke cikinsa, kullum sai an saya, ranar da kasuwa ta rufe kuma babu shi. Daddawa da kawal kuwa a gida ake yin su, suna kuma ƙara wa miya abin da ke gina jiki.

Sananne ne cikin ɗabi'un Manzon Allah (SAW) cewa bai taɓa kushe abinci ba. Wanda ransa bai kwanta da wani abinci ba yana da damar barinsa, amma gori ga mai cinsa ba tarbiyyar gidan Musulmi ba ce. Yaron da ya ji ubansa na yi wa kwaɗo dariya ba zai tsaya ya koyi bambancin tafasa da rai-ɗore ba, ranar da zai bukaci sanin kuwa ba a sanar da zuwanta.

Abin da ya rage gare mu

Uwargida, idan damina ta zauna ki ɗauki yara, maza da mata, ki fita da su bayan gari ko gona, ki nuna musu tafasa da lalo da gasaya da rama da yaɗiya, kowanne da sunansa, ki nuna musu rai-ɗore ki ce wannan ba a ci. Idan ke ma ba ki sani ba, ai da tsohuwar zuma ake magani: ki nemi kakarsu ko wata dattijuwar unguwa ta yi muku jagora. Ki shanya ganye a inuwa lokacin da yake banza a daji, ki zuba a buhu mai tsabta, ki rataye inda danshi da ɓera ba sa kaiwa. Wadda ke son gwada kawal ta fara da ƙaramin tulu, ta kuma nemi wata 'yar Chadi ko 'yar Sudan da ta iya ta tsaya mata a karon farko, domin aikin tsimi ido da hanci ke koyon sa fiye da takarda. Duk wanda ya yi tsutsa a zubar, wanda ya yi kyau kuma a dafa shi sosai cikin miya kafin a ci.

Maigida, naka aikin shi ne ka bar wani gefe na gona ko na fili ba feshi, ka gaya wa iyali cewa nan ne wurin tsinka. Idan aka kawo maka kwaɗo ka ci a gaban yara, ka yaba wa wadda ta yi. Malaman Islamiyya da shugabannin ƙungiyoyin mata kuma za su iya ware yini guda a damina, a gayyato dattijai mata su koyar da 'yan mata ganyayen gari da yadda ake adana su, a kuma rubuta sunayen a littafi da Hausa don kada su ɓace.

Daga ƙarshe, kada mu manta da 'yan uwanmu na Suki da Mai Wurno da sauran ƙauyukan bakin Nilu. Jininmu ne, kakanninsu daga garuruwanmu suka tashi da niyyar ɗakin Allah. Wanda ke da hanyar aika musu taimako ta hannun amintattu ya aika, wanda ba shi da ita ya sa su a addu'a. Allah ya zaunar da ƙasar Sudan lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu san darajar abin da ya shimfiɗa mana a bakin gona.